Kai wane ne a makarantar nan?

Da na yi ritaya daga koyarwa, ban cika wata uku a gida ba zaman ya fara yi mini nauyi. Wanda ya saba kwana da shirin darasi, ya yini da ƙurar alli a hannun riga, ba ya iya zama haka kawai yana kallon rana tana fitowa tana faɗuwa. Ana cikin haka wani tsohon ɗalibina ya zo gaishe ni. A lokacin shi ne shugaban wata makarantar sakandare. Bayan mun gaisa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ina da buƙata amma ina jin nauyinka. 'Yan ajin ƙarshe ba su da malamin lissafi tun farkon zango, ga jarrabawa ta matso. Kuma ba mu da abin da za mu ba ka." Na ce masa wa ya yi maganar kuɗi? Ranar Litinin ina gaban allo.

Ba mu rubuta komai ba. Yaron da na koyar tun yana ɗan shekara 13, a ce sai na nemi takarda a hannunsa? Abin ko a raina bai zo ba, da ya zo ma da kunya ta hana ni faɗa. Da baki muka yi: kwana biyu a mako, aji ɗaya, zuwa jarrabawa.

Jarrabawa ta zo ta wuce ban tafi ba. Kwana biyu suka koma huɗu, domin 'yan ajin ƙasa su ma ba su da malami. Aka miƙo mini takardun gwaji na duba, aka ba ni littafin maki na cike. Da na lura akwai yaran da ko lissafin rabawa bai zauna musu ba, na ce su riƙa tsayawa bayan an tashi mu ƙara awa ɗaya. Babu wanda ya tilasta mini ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kowane ƙari da "Malam, don Allah" yake zuwa, kuma na gano cewa wanda ba a biya ya fi mai albashi shan wuyar cewa a'a. Mai albashi yana da takardar da ta faɗi inda aikinsa ya tsaya. Mai aikin sa-kai ba shi da abin nunawa, in ya ƙi sai ya ji kamar ya janye alherinsa ne gaba ɗaya. A shekara ta biyu aka yi wa ɗalibin nawa canjin wurin aiki. Sabon shugaba ya zo ya tarar da ni ina koyarwa. Muna gaisawa cikin mutunci, amma bai taɓa tambayar yadda aka yi na zo ba, ni ma ban je na yi masa bayani ba. Yarjejeniyar ta bi wanda muka ƙulla ta da shi.

Wata Laraba da yamma, an tashi kowa ya watse, ina cikin aji da yara kusan 20. Zafi ya dame mu, wani yaro ya hau benci zai buɗe tagar sama, ƙafar bencin ta karye. Ya faɗo, hannunsa ya bi ta kan gilashin tagar ƙasa. Har yau ina ganin yadda jinin ya zuba a kan littafinsa da ke buɗe, daidai kan alwatikar da ya gama zanawa. Bai yi kuka ba, kallona kawai yake yi yana riƙe da hannun. Na ruga ofis na tarar a kulle. Akwatin agajin gaggawa yana ciki, rajistar da ke ɗauke da lambobin iyaye ita ma tana ciki. Duk harabar babu babba sai ni da mai gadi. Na ɗaure hannun da hankicina, na ce ya ɗaga shi sama, na sa shi a motata da abokansa biyu muka nufi asibiti. A can ma'aikaciyar jinya ta turo mini takarda ta ce, "Baba, kai ne mahaifinsa?" Na ce malaminsa ne. Ta ce in sa hannu, na sa. Aka yi masa ɗinki, Allah ya taimaka gilashin bai taɓa jijiya ba.

Washegari mahaifinsa ya zo makaranta, aka kira ni ofis. Mutumin bai ɗaga murya ba, ya ma fara da yi mini godiya. Sannan ya tambayi shugaba wa ya ba da izinin a tsayar da yara bayan tashi, kuma da hannun ya nakasa wa zai ɗauki alhaki. Shugaba ya buɗe fayil ɗin ma'aikata ya duba, ya rufe, ya ce, "Gaskiya Malam ba ma'aikacinmu ba ne, taimaka mana yake yi. Darasin yamma kuma ofis ba shi da shi a rubuce." Mahaifin ya juyo ya dube ni ya ce, "To Malam, ka yi haƙuri da tambayata, kai wane ne a makarantar nan?" Na shekara sama da 30 ina koyarwa, ban taɓa rasa abin da zan gaya wa mahaifin ɗalibi ba sai ranar.

Na yi kwanaki ina jin zafin shugaban. Da zuciyata ta huce na zauna na auna maganarsa kalma bayan kalma, ban samu ƙarya ko ɗaya a ciki ba. Ni ba ma'aikacinsu ba ne, kuma darasin yamma ni na ƙirƙiro shi. Abin da ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba shi ne, rashin albashi bai rage mini ko ƙwayar zarra daga nauyin yaran da ke gabana ba. Abin da ya rage mini shi ne kariya.

Daga baya na ci karo da wannan a rubuce. Ranar 5 ga Oktoba 1966, a birnin Paris, aka amince da wani kundin shawarwari kan matsayin malamai wanda UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka shirya tare, kuma don tunawa da shi ne ake Ranar Malamai ta Duniya a wannan rana tun 1994. A ciki an ce malami ya yi iyakar ƙoƙarinsa kada ɗalibi ya ji rauni, amma wanda ya ɗauke shi aiki ne zai kare shi daga biyan diyya idan ɗalibi ya ji rauni a makaranta ko a wani aikin makaranta da aka fita yi waje. Rabin farko ya hau kaina a ranar, tunda ni ne babba a ajin. Rabi na biyu kuwa babu mai cika mini shi, domin babu wanda ya ɗauke ni aiki. Ko a Amurka, inda aka yi doka ta musamman a 1997 don kare masu sa-kai a hukumomi da ƙungiyoyin da ba na neman riba ba daga ƙarar neman diyya, kariyar tana da sharuɗɗa. Sai in mutum yana cikin aikin da aka ɗora masa ne abin ya faru. Ba ta rufe mummunan sakaci, kuma ba ta rufe ɓarnar da ta auku yana tuƙa mota. Da a ƙarƙashin wannan doka nake, da darasin da ba wanda ya sa ni ya fitar da ni daga inuwarta, da kuma wani abu ya same mu a hanyar asibiti, da motar ta sake fitar da ni. Yara uku ne na ɗauka ba da sanin iyayensu ba.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. In abin ya sake faruwa gobe, zan sake ɗaukar yaron zuwa asibiti, babu mai barin yaro yana zubar da jini don gudun shari'a. Kuskurena ya riga ranar Laraba da watanni. Na yarda na tsaya da yara a harabar da babu ma'aikaci ko ɗaya, babu makullin ofis, babu lambar uba ko ta uwa. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne, amma halin da zai same ka a ciki kai ne kake shirya shi.

Akwai wani gefen da ya fi wannan nauyi, kuma shi ne mutanen kirki suka fi ƙin a taɓo musu. Shekara biyu ina shiga aji, har da 'yan mata masu tasowa, wani lokaci yaran su watse a bar ni da ɗaya ko biyu muna ƙarasa lissafi, kuma babu wanda ya taɓa bincika ko ni wane ne. Babu wanda ya nemi shaida daga inda na yi aiki. A lokacin na ɗauki hakan girmamawa. Yanzu abin tsoro yake ba ni, domin ƙofar da ta shigo da ni ba tambaya za ta shigo da wani ba tambaya. Mai niyyar cutar da yara ba ya zuwa da alama a goshi. Irin aikin da kowa ke gudu shi yake nema: na kyauta, na bayan tashi, na kusa da yaron da ba a kula da shi a gida. A 2002, a garin Soham na Ingila, wani mai kula da ginin makarantar sakandare ya kashe yara mata biyu 'yan shekara 10. Binciken da aka fitar a 2004 ya nuna an sha kai ƙorafi a kansa a baya, amma bayanan ba su isa ga waɗanda suka tantance shi ba. Wannan ya sa suka sake tsarin tantancewa, kuma a yau ƙa'idar makarantunsu ita ce mai sa-kai da ba a tantance ba ba a barin sa shi kaɗai da yara. Ba a karɓar kuɗin binciken ma daga masu sa-kai. Ni a ganina malamin da ya san zuciyarsa fara ce shi ya kamata ya fara cewa a bincike shi, domin in shi ya ji haushin bincike, ya ba mugu hujjar da zai fake da ita.

Iyakar nan tana kare yaro, tana kuma kare malami. Zargi ko na ƙarya ne yana da kaifi. Ma'aikaci in an zarge shi akwai kwamiti, akwai ƙungiyar malamai, akwai damar ya kare kansa. Mai sa-kai sai dai a ce masa, "Malam, ka ɗan huta tukuna," shi ke nan, sunan da ya shekara 30 yana ginawa ya shiga bakin mutane kuma babu inda zai je ya wanke shi. Shi ya sa yanzu ba na rufe ƙofar aji, ba na zama da ɗalibi ɗaya inda ba a ganin mu, ba na rage wa kowa hanya. Ba na ba yaro lambata, in akwai aikin gida da za a tura ta WhatsApp, ta zauren da iyaye da wani ma'aikaci suke ciki ake turawa. Hoton yara kuwa, duk yadda na ji daɗin darasi, ba ya hawa Facebook ɗina. 'Ya'yan wasu ne, ba su ba ni izini ba, iyayensu ma ba su ba ni ba.

Wani abin da ya fi wuya shi ne amana. Yara suna sakin jiki da mai sa-kai fiye da ma'aikaci, saboda ba ya riƙe da sanda kuma suna jin don su ya zo. Wata yarinya ta taɓa tsayawa a bakin teburina tana murza gefen littafinta, ta ce, "Malam, zan gaya maka wani abu, amma ka yi alkawarin ba za ka faɗa wa kowa ba." Bakina ya kusa cewa na yi. Allah ya sa na tsaya, na ce mata zan saurare ta har ƙarshe, amma in abin ya shafi lafiyarta dole in kai shi ga wanda zai iya taimaka mata, kuma ba zan kai ba sai ta san wa zan gaya wa. Ta yi shiru, sannan ta faɗa. Abin da ya dame ni a daren shi ne ban san wa ke da alhakin irin wannan magana a makarantar ba, sai da na yi ta tambaya. Wannan suna ne da ya kamata mutum ya riƙe tun ranar farko, kafin ya riƙe alli. Mai sa-kai ba ɗan sanda ba ne, ba ya bincike, ba ya zuwa gidan yaro ya tuhumi kowa. Ya saurara, ya rubuta abin da aka faɗa da kalmomin yaron, ya miƙa a ranar.

Horo kuwa na daina gaba ɗaya. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ce ladabtarwa a makaranta ta dace da mutuncin yaro, wannan ya hau kan kowa. Amma ni ko hukuncin da ya halatta ba ni yankewa, malamin aji nake miƙa wa. Haka kyauta: in na ga yaro ba shi da littafi, ta ofis nake bi, kada ya ji ina bin sa bashi, kada sauran su ga na ware shi.

Gajiya ma hatsari ce, ko da yake ita ba ta zuwa da jini. A zango na ƙarshe kafin faɗuwar yaron na fara tashi da ciwon kai, ina jin haushin yaran da ba su yi mini komai ba, in an ce "Malam, don Allah" sai ƙirjina ya yi nauyi. Na ɗauka tsufa ne. Ashe abin yana da tarihi, kuma a wurin masu sa-kai aka fara bayyana shi. A 1974 wani masanin halayyar ɗan Adam, Herbert Freudenberger, ya rubuta a kan masu aikin kyauta a wani asibitin marasa galihu a New York, inda shi ma yake ba da lokacinsa. Ya ga waɗanda suka fi kowa himma su ne suke fara ƙarewa kamar fitilar da mai ya ƙare mata. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa. Mai albashi yana da hutun shekara da hutun rashin lafiya a rubuce. Mai sa-kai ba shi da ranar da aka ce ya huta, kuma in ya faɗi a tsakiyar zango yaran ne suke asara, domin sun saba da shi kuma babu wanda aka tanada a madadinsa.

Abin da ya fi ci mini rai na bar shi sai yanzu. Wata rana ina ɗakin malamai wani saurayi ya shigo da takardunsa a cikin ambulan, ya gama karatun koyar da lissafi, yana neman aiki. Na ji da kunnena an ce masa babu gurbi, akwai mai koyarwa. Mai koyarwar ni ne. Shekara biyu ina toshe wani rami, har ramin ya daina bayyana a rahoton da ake aikawa sama. Rahoton UNESCO na 2024 ya ce duniya na buƙatar ƙarin malaman firamare da sakandare miliyan 44 kafin 2030. Giɓi irin wannan ba da kyautar tsofaffi irina za a cike shi ba. Kundin 1966 ɗin nan ma ya yi gargaɗi cewa duk matakin da za a ɗauka saboda ƙarancin malamai a ɗauke shi na wucin gadi, kada ya zubar da darajar sana'ar. Ni ina da fansho, shi saurayin ba shi da komai, kuma alherina ne ya tsaya tsakaninsa da abincinsa. In makaranta ta saba samun malamin lissafi kyauta, da wane baki shugaba zai je ya nemi a turo masa na albashi?

Ga matasan da ake ce wa su fara sa-kai, in gurbi ya samu za a ɗauke su, ina jin tausayinsu ƙwarai. Sa-kai na gaskiya shi ne wanda mutum ya zaɓa da kansa kuma zai iya bari ba tare da ya rasa komai ba. Wanda yake aiki kyauta don tsoron kada a ba wani gurbin, ko ma'aikacin da aka ce ya zo ranar hutu kuma ya san in bai zo ba za a tuna masa ranar ƙarin girma, wannan aiki ne da aka hana shi ladansa, ko da wane suna aka kira shi. Irin wannan matsayi yana jefa mutum a hannun mai iko da alkawarin, musamman 'yan mata. Ba banza ba yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 190 ta 2019, kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki, ta ambaci masu sa-kai da masu neman aiki a cikin waɗanda ta shafa. Saurayi ko budurwar da za su yi, su nemi ranar farawa da ranar gamawa a rubuce, da takardar shaida a ƙarshe. In an ƙi ba su wannan, alkawarin gurbin ma iska ne.

Na bar waccan makaranta a ƙarshen zangon, bayan na miƙa littafin maki da bayanin inda kowane aji ya tsaya. Na yi kusan shekara ban shiga aji ba. Yanzu ina zuwa wata, Talata da Alhamis, awa biyu-biyu. Ranar da na je wurin shugabar, na ce mata ina da sharaɗi, ta ɗauka kuɗin mota zan nema. Na miƙa mata takarda shafi ɗaya da na rubuta da hannuna. A ciki na ce taimaka wa malamin lissafinsu zan yi da yaran da aka bari a baya, ba zan riƙe aji ni kaɗai ba, ba zan ba da makin da zai shiga sakamako ba, kuma ba zan kasance a harabar ba sai akwai ma'aikaci mai makullin ofis. Na nemi a rubuta sunan wanda zan kai wa magana in ta shafi lafiyar yaro, da matsayina a inshorar makaranta in wani abu ya faru, da ranar da za mu zauna mu ga ko za a ci gaba. A ƙasa na sa sunayen mutum biyu da na yi aiki a ƙarƙashinsu, na roƙe ta ta kira su.

Ta karanta sau biyu, ta ɗago ta ce, "Baba, ai mun yarda da kai." Na ce mata na sani, 'yata, amma wanda zai zauna a kujerar nan bayanki bai san ni ba. Ta kira mutanen a gabana. Maganar inshora ta ɗauke ta mako biyu kafin ta samo amsa, ni kuma ban fara ba sai da ta samo. Ta sa hannu na sa, kwafi ɗaya yana fayil ɗinsu, ɗaya yana jakata tare da alli. Ranar zaman da muka sa ta faɗo a makon ƙarshe na wannan zango, kuma na riga na gaya mata abin da zan fara tambaya: ko sun aika takardar neman ƙarin malamin lissafi.